Kwafin faya-fayai daga Abuja zuwa Jos, da abin da rsync ba zai gaya maka ba

In mutum ya ce maka wai ma'ajiyar takardun ofis ɗinsu tana da kwafi a wata saba, wato kwamfutar da ke riƙe kayan ofis, kar ka yi saurin cewa masha Allah, fara tambayarsa abu biyu tukuna. Wanne yake fara kwafa, rajistar da ke riƙe sunayen takardun ko faya-fayan kansu? Sannan ranar da aka kwashe shara a babbar sabar, wato aka goge faya-fayan da babu mai buƙata, me yake faruwa a ƙaramar? In ya tsaya yana sosa ƙeya toh kwafin nan nasa Allah ne kawai yake tsare shi, don a wannan harka ɗaukar fayil daga nan a kai can shi ne mafi sauƙin komai, ko ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya zai iya, wahalar tana wajen tsari da kuma wajen gogewa.

Ni aikina kula da saba ne a wata ma'aikata a nan Abuja, muna da reshe a Jos, kuma abin da muke ajiyewa takardu ne da aka yi wa sikanin, PDF, hotuna, wani lokaci har bidiyon taro da babu wanda zai sake kalla amma an ce kar a goge. Manhajar da ke riƙe su an gina ta ne a kan Apache Jackrabbit, shi ya sa misalaina za su fi karkata can, amma wanda yake kan DSpace ko Alfresco ma maganar ta shafe shi. DSpace ɗin nan shi ne jami'o'inmu da yawa suke ajiye binciken ɗalibai da malamai a ciki, har da Jami'ar Jos.

Duk irin waɗannan manhajoji sun raba kaya gida biyu. Akwai rajista, inda ake rubuta sunan takarda, waye ya ɗora ta, yaushe, a wace folda take, waye yake da izinin buɗewa, ta canza sau nawa. Wannan tana zama a databes ko a wasu faya-fayai na musamman, kuma ba ta cika girma ba. Sai kuma ainihin naman abin, wato bayit ɗin PDF ɗin ko hoton, waɗanda ake jibgewa a wani rumbu daban. A Jackrabbit sunan rumbun DataStore, a DSpace assetstore, a Alfresco contentstore. Dalilin rabawar a fili yake, databes ba ta son ka cusa mata bidiyo mai gigabait biyu, za ta karɓa kam amma ranar bakof sai ka yi kuka.

Jackrabbit ɗin ya samo asali ne daga wani ƙa'idar Java da ake kira JCR, fitowar farko 2005, ta biyu 2009, kuma mutanen wani kamfani na Suwizalan mai suna Day Software ne suka ja gaba a aikin kafin Adobe ta saye su a 2010. Daga baya aka sake rubuta injin gaba ɗaya aka sa masa Oak, ya fito 2014, shi ne yanzu a ƙarƙashin Adobe Experience Manager, manhajar Adobe ta kula da shafukan intanet. Na kawo tarihin ne saboda har yau akwai masu tsohon Jackrabbit 2 a ofisoshi, kuma halinsa da na Oak ba ɗaya ba ne a wajen kwashe shara, zan zo kai.

Abin da ya sa nake son rumbun Jackrabbit shi ne yadda yake sa wa fayil suna. Ba ruwansa da sunan da sakatariya ta rubuta. In ka ɗora takarda, zai fara rubuta ta a fayil na wucin gadi yana lissafa hash ɗinta, wato wata doguwar lamba da ake cirowa daga cikin bayit ɗin fayil ɗin kansa, in ko da ɗigo ɗaya ya canza lambar gaba ɗaya ta canza. Da ya gama sai ya mayar da lambar ta zama sunan fayil ɗin, ya sa shi a folda mai hawa uku, haruffa biyun farko na lambar folda, biyu na gaba folda a cikinta, biyu na gaba wata kuma a ciki, don kar miliyoyin faya-fayai su taru a wuri ɗaya diski ya riƙa nishi. A rajista kuwa lambar kawai ake rubutawa. Ƙananan abubuwa sosai ba a ma kai su rumbu, a tsohon Jackrabbit duk abin da bai kai bayit 100 ba yana zama cikin rajista in ba ka canza saitin ba.

Toh ka ga abin da wannan ya haifar. Na farko in mutum ashirin suka ɗora sanarwar hutun sallah guda ɗaya, wadda kowa ya samo daga WhatsApp, sau ɗaya za a ajiye ta, rajista ce kawai za ta nuna wuri ashirin. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga mai kwafi, fayil in ya shiga rumbu ba ya canzawa har abada. Ka gyara takarda? Sabon fayil ne da sabuwar lamba, tsohon yana nan inda yake. Rumbun ƙaruwa kawai yake yi. Git, ma'ajiyar masu rubuta manhaja, shi ma haka yake ajiye kayansa tun 2005, wanda ya saba da shi ba zai ga baƙon abu ba.

Fayil ɗin da ba ya canzawa kuwa shi ne mafi daɗin kwafa a duniya, babu tsoron kana tsakiyar kwafa wani ya taɓa shi, babu rigimar wanne ne sabo tsakanin na Abuja da na Jos, in suna ɗaya ne toh abu ɗaya ne, magana ta ƙare. Shi ya sa rsync, tsohon kayan aikin nan na kwafar faya-fayai tsakanin kwamfutoci da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, har gobe yake wadatar da yawancinmu. Ka sa shi a cron, mai kunna ayyuka a lokacin da ka tsara, ya riƙa gudu, ka ce ya tsallake faya-fayan wucin gadi masu farawa da tmp, shi ke nan.

Sai dai ba shi ke nan ba ne.

Maganar tsari tukuna. Rajista da rumbu abu biyu ne da ake kwafa a lokaci biyu, kuma tsakanin lokutan nan ma'aikata ba su daina ɗora takardu ba. A ce ka fara kwafar rumbu ƙarfe goma na dare ya gama sha biyu, sannan ka ɗauki hoton rajista, wato kwafinta yadda take a lokacin, sha biyu da rabi. Duk takardar da wani mai aikin dare ya ɗora bayan rsync ya wuce foldarta, sunanta zai shiga rajistar da ta tafi Jos amma naman bai tafi ba. Kaman ka aika kaya daga tashar Jabi ne, takardar shaida ta isa hannun mai karɓa a Jos, ya je tasha da ita yana nunawa, kayan kuwa suna nan Abuja ba a ma ɗora su a mota ba. A allon kwamfuta za ka ga sunan takardar, girmanta, ranar da aka ɗora, komai tsaf, ka danna sai kuskure ya fito. Kuma ba za ka sani ba sai ranar da wani ya danna, wanda ka iya zama bayan shekara.

Daidai shi ne ka ɗauki hoton rajista tukuna, ka ajiye shi gefe, sannan ka kwafi rumbu, sai rumbun ya gama isa sannan ka kunna rajistar a can. Tunda rumbu ƙaruwa kawai yake, duk abin da rajistar ƙarfe goma ta ambata yana cikin rumbun ƙarfe sha biyu, har da ƙari. Ƙarin ba matsala ba ne, fayil da babu mai nuna shi wuri kawai yake ci. Mai nuni da babu fayil shi ne bala'i. Wani yaro da muke aiki tare ya taɓa ce mini, Oga ai ni a tunanina babba ake fara ɗauka tunda shi zai daɗe. Hankali zai ba ka haka ɗin, kuma in kana so ka yi zagaye na farko na rumbu da wuri don rage aiki babu laifi, amma dole a sake wani zagayen bayan an ɗauki rajista, wannan na ƙarshen shi ne mai lissafi.

Akwai wani abu da mutane ba su lura da shi a Oak, wato indes ɗin bincike na Lucene, jerin da akwatin nema yake dubawa, shi ma a matsayin faya-fayai ake ajiye shi cikin rumbun nan. So in wani yanki ya ɓace ba lallai ka ga takarda ta ƙi buɗuwa ba, sai dai ka ga akwatin nema ya daina kawo sakamako, ko sabar ta tashi tana zubo kurakurai a log, kai kuma kana can kana zargin netwok.

Yanzu ga shara, inda na fi son mu daɗe.

Tunda fayil ɗaya zai iya zama na takardu ashirin, in mutum ya goge takarda manhajar ba za ta iya goge fayil ɗin nan take ba, wa ya sani ko sauran sha tara suna buƙata. Don haka ake barinsa. Shi ya sa darakta zai kira ka ya ce an goge takardu dubbai amma diski bai ragu ba, kai kuma ka ce ranka ya daɗe ai sai an kwashe shara. A Oak ma abin hawa-hawa ne, in takardar tana da tsofaffin juyi, wato yadda take kafin a gyara ta, da aka adana sai an share su, sannan a tsabtace tsofaffin matakan rajistar kanta, sannan ne fayil ɗin zai zama maraya da gaske har mai shara ya iya ɗauka. Aikin kwashe sharar kashi biyu ne, a fara zagaya rajista kaf a yi wa duk lambar da ake amfani da ita alama, sannan a zagaya rumbu a goge duk wanda ba shi da alama.

Tsohon Jackrabbit 2 yadda yake sa alamar shi ne ya taɓa lokacin fayil ɗin, wato ya sabunta ranar gyaran ƙarshe na duk fayil ɗin da ake amfani da shi, daga baya ya goge duk wanda ranarsa ta girmi lokacin da aka fara zagayen. Dabara ce mai kyau amma ka tuna rsync da girma da lokaci yake gane ko fayil ya canza. Washegarin kwashe shara sai ya ga kusan duk rumbun ya canza lokaci, sai ya zauna karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu yana kwatantawa, aikin da yake gamawa kafin ka sha shayi ya koma na kwana da yini, diski yana ta kuka ma'aikata suna ta kiran waya wai sistem ya yi nauyi. Maganin ɗan ƙarami ne, ka ƙara masa --ignore-existing, ma'ana in sunan yana can kar ka ko kalle shi. A wani rumbun wannan ganganci ne, a nan kuwa daidai ne tunda suna ɗaya abu ɗaya. Sharaɗi kawai kar ka haɗa shi da --partial ko --inplace, don in wuta ta ɗauke ko layi ya yanke a tsakiya za a bar rabin fayil da cikakken suna, kuma daga ranar rsync zai riƙa tsallake shi yana ganin ai yana nan. In ka bar shi a halinsa na asali yana rubutawa ne a sunan wucin gadi sai ya kammala ya canza suna, wanda shi muke so.

Oak ba ya taɓa lokacin fayil, yana rubuta jerin lambobin ne a gefe ya kwatanta, kuma ba ya goge fayil ɗin da bai kai awa 24 da shigowa ba in ba ka canza ba, saboda mai yiwuwa an ɗora fayil ɗin amma rajistar ba ta gama adanawa ba. Ka ga kenan duk lissafin ya rataya a kan agogo. Sabar da agogonta ya ɓace, wanda yana faruwa sosai a tsofaffin injina da batirin madabod ɗinsu ya mutu aka kuma sha ɗauke musu wuta, za ta iya ganin sabon fayil a matsayin tsoho. NTP dai, mai saita agogon saba ta intanet, ku kunna shi don Allah, kyauta ne.

Sai babbar tambayar, a sa wa rsync --delete ko kar a sa? In ka sa, duk abin da aka goge a Abuja za a goge a Jos. Daɗinsa diskin Jos ba zai cika ba. Illarsa duk kuskuren da mai shara ya yi, ko wanda ɗan Adam ya yi da hannunsa, ko ɓarnar masu kulle faya-fayai su nemi kuɗin fansa, zai isa Jos kafin gari ya waye. Kuma ko ba a yi kuskure ba akwai tarko, bakof ɗin rajistar da ka ajiye na watan jiya yana nuna faya-fayan da a wancan lokacin suna da rai, yau kuwa an kwashe su, in ka dawo da wannan rajistar za ka tarar da ramuka. Ni ra'ayina kar a sa. Bari rumbun Jos ya yi ta girma, diski ya fi takardar da ta ɓace arha ko da dala ta kai inda ta kai. In ya kusa cika sai a zauna a tsara gogewa da hannu, a goge abin da ya daɗe da zama maraya fiye da shekarun tsohuwar rajistar da kake ajiye da ita. Akwai masu sa --delete tare da --backup-dir don abin da aka goge ya koma wata folda maimakon ya ɓace, wannan ma ba laifi, in dai akwai mai tunawa da foldar.

Kuma kar a kwashe shara ana tsakiyar kwafi. Na san ya yi kama da abin da ba sai an faɗa ba amma duka biyun a cron ake sa su, duka biyun kowa daren Asabar yake zaɓa musu, kuma rumbun da yake gama kwafuwa cikin awa ɗaya bara, bana awa biyar yake ci. Ka sa kulle tsakaninsu don ɗaya ya jira ɗaya, umarnin flock ya isa.

Wata hanyar da mutane suke bi ita ce kar a kwafa sam, a sa sabobi biyu ko uku su raba rumbu ɗaya. A tsarin tarin sabobi na Jackrabbit 2 dama haka ake yi, databes ɗaya, rumbu ɗaya a NFS, wato diskin da ake rabawa ta netwok, ko cikin databes ɗin, kowace saba da nata indes. A Adobe Experience Manager ma akwai tsarin da sabar marubuta take aika wa sabar bugawa lambar hash kawai ba tare da fayil ɗin ba, tunda su biyun rumbu ɗaya suke kallo, bidiyo mai nauyi ya zama aika 'yan haruffa. Yana da kyau matuƙa in injinan suna ɗaki ɗaya. Amma NFS daga Abuja zuwa Jos a kan layin intanet ɗinmu, a'a wallahi, ranar da aka sare fayiba wajen aikin titi duk manhajar za ta daskare tana jiran diski. Sannan rumbu ɗaya ai ba kwafi ba ne, in ya mutu kowa ya mutu.

Kuma raba rumbu yana ƙara wa shara haɗari, don fayil ɗin da yake maraya a wajen saba ta ɗaya mai yiwuwa ɗan gata ne a wajen ta biyu. Oak ya warware wannan da cewa kowace ma'ajiya tana yin rajistar kanta a cikin rumbun da lambarta, kuma ba za a goge komai ba sai dukkansu sun gama sa alama. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen kwafar ma'ajiya sukutum don yin sabar gwaji, kwafin yana tafiya da lambar shaidar uwar, rumbu sai ya ɗauka mutum ɗaya ne, in aka kunna shara daga sabar gwajin sai ta share abin da ita ba ta sani ba alhali na ainihin yana buƙata. Akwai umarnin resetclusterid a cikin oak-run, kayan aikin kula da Oak, don wannan. Ni dai sabar gwaji ba ta taɓa rumbun ainihi, ko da izinin karatu kawai ne sai na yi tunani.

Masu Oak da ke kan TarMK, tsarin da yake ajiye rajista a faya-fayai kan diskin saba, suna da abin da ya zo a shirye, wato saba ta biyu mai jiran ko-ta-kwana wadda take jawo sabbin abubuwa daga babbar duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, rajista da faya-fayai tare, kuma ita take kula da tsarin da na yi ta bayani a sama. Ba ta yi wa kowa aiki, zaune kawai take sai ranar da aka ce ta tashi. In layinka yana da ƙarfi ita ta fi rsync. Amma duk abin da ya faru a babbar, mai kyau da marar kyau, tana kwaikwaya nan take, don haka ba ta cire maka bakof ba.

Toh me ya hana a zuba komai a S3, rumbun haya na Amazon a intanet, a huta? Oak yana da rumbu na S3 da na Azure na Microsoft, Amazon tana riƙe kowane abu a wurare da dama, kuma tun Disambar 2020 in ka rubuta abu za ka iya karanta shi nan take, da can akwai ɗan jinkirin da yake rikita irin waɗannan manhajoji. Akwai kuma kwafi tsakanin yankuna in ka kunna adana juyi a bokitin, wato ma'ajiyarka a S3. A fasaha babu abin cewa. A aljihu ne maganar take, da dala ake biya kuma duk abin da ka sauko da shi sai an caje ka, kasafin ofis kuwa da naira aka rubuta shi tun farkon shekara. Cikakken yankin AWS, wato cibiyoyin sabobin Amazon, mafi kusa da mu a nahiyar nan shi ne na Kef Tawun da aka buɗe 2020. Sannan duk wanda yake wannan aiki yana tuna 14 ga Maris 2024, ranar da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma sai da suka ji a jikinsu. Wanda takardunsa suke Turai a ranar sai kallo. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta sa sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane waje, in takardunka akwai fayil ɗin ma'aikata ko na marasa lafiya sai ka zauna da lauyan ofis tukuna. Ma'aikatun gwamnati da yawa Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati mai cibiyar ajiye sabobi, suke zuwa a nan Abuja, masu zaman kansu kuma su nufi cibiyoyin Legas irin su Rack Centre.

Ko a ina ne dai nisa yana da amfani. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVH, kamfanin hayar sabobi, a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai kwastomomin da bakof ɗinsu yake a harabar da ta ƙone. Mu nan sau nawa ka ga saba da kwafinta a rak ɗaya, kan inbata ɗaya, ƙarƙashin esi ɗaya da yake ɗiga? Shi ya sa Jos ta yi mana, gari ne daban, kamfanin wuta daban, ga sanyi da injina suke so, lokacin hunturu ɗakin sabar can ko esi bai cika wahala ba.

Kwafin farko kam kar ka wahalar da kanka da intanet. Yi lissafi, terabait ɗaya a kan layi mai megabit 10 a daƙiƙa zai ci daƙiƙa 800,000, sama da kwana tara kenan in layin bai yanke ko sau ɗaya ba kuma babu mai amfani da shi sai kai, wanda mun san ba a ƙasar nan ba. Sayi diski na waje, ka kulle bayanan cikinsa da manhajar LUKS ko makamancinta saboda hanya, ka kwafa a ofis, ka ba amintaccen ma'aikaci ya bi ta Keffi da Akwanga ya hau tudu, kafin la'asar ya isa. Daga nan rsync sai ya riƙa cike gibin kullum, wanda bai taka kara ya karya ba. Ka sa --bwlimit don kar ya cinye layin in da rana zai gudu, in ba haka ba mutanen akawun za su zo har ɗakinka.

Wani abu game da lambar kanta. Da can tsarin hash ɗin SHA-1 ake amfani da shi, mai haruffa 40. A Fabrairun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da PDF biyu mabambanta masu SHA-1 iri ɗaya, kuma da wani ya ɗora su a Subversion, ma'ajiyar aikin masu rubuta manhajar WebKit, don gwaji sai da ta rikice, saboda ita ma da hash take gane fayil ɗin da ya maimaitu. A rumbu irin namu ma'anarsa fayil na biyu ba zai taɓa shiga ba, za a ce ai muna da shi. Bayan nan Jackrabbit ya koma SHA-256 mai haruffa 64 ga sabbin faya-fayai, tsofaffin kuma suna nan da sunayensu, so in rumbunka ya kwana biyu za ka ga gajerun sunaye da dogaye a cakuɗe, ba lalacewa ba ce.

Wannan suna da yake hash shi ne ya ba mu hanyar bincike mafi sauƙi da na sani. Ba ka buƙatar Abuja don ka san ko fayil ɗin Jos lafiyarsa ƙalau, ka lissafa hash ɗinsa a can ka kwatanta da sunansa, in sun saɓa ya ruɓe. Ɗan sikirif ne na layi kaɗan, in sunan haruffa 40 ne ya kira sha1sum, in 64 ne sha256sum. Masu Alfresco ba su da wannan gatan tunda sunan fayil ɗinsu lamba ce kawai a cikin foldar shekara da wata da rana, sai dai su ajiye jerin hash daban, DSpace kuwa yana rubuta na kowane fayil a databes kuma yana da nasa mai dubawa. Mu muna raba rumbun ne bisa foldodin hawan farko, guda 256 ne daga 00 zuwa ff, kowane dare a duba wasu, a hankali a zagayo. Wanda aka samu ya lalace sai a matsar da shi gefe, zagayen rsync na gaba zai ga babu shi ya kawo sabo.

Wannan yana gaya maka abin da yake nan lafiya yake, bai gaya maka abin da babu ba. Don shi sai ka ciro jerin duk lambobin da rajistar Jos take ambata ka cire jerin sunayen da ke rumbun Jos, abin da ya rage su ne ramukanka, kuma oak-run yana da umarnin da yake yin wannan kwatancen. A kan rajistar Jos za ka gudanar da shi ba ta Abuja ba, don ita ce za ka kunna ranar da abin ya faru. Mu safiyar Litinin sakamakon yake shigowa imel, layi biyu ne, adadin da suka ruɓe da adadin da babu, kuma in imel ɗin bai zo ba ma ana kiran Jos a ji ko janareta ne.